Shekarar da Tsutsa Ta Cinye Lambu

Ranar Asabar ɗin nan wasu samari suka sauka daga keke a ƙofar gidana, ɗayansu riƙe da reshen ice. Wai sun samu fili a bayan Gwallameji, za su dasa malberi su yi kiwon tsutsar alharini, an kuma ce musu akwai wani tsoho da ya taɓa yin aikin tun zamanin Turawa. Babbansu ya ce, "Baba, ai mun gani a waya, ba wata wahala. A caka a ƙasa, a zuba ruwa, shi ke nan." Na ce to, Allah Ya ba da sa'a. Kallon kitse suke yi wa rogo, ban kuwa ga laifinsu ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara. Amma tun da suka tafi na kasa zama wuri guda, in shiga ɗaki in fito, in ɗauki buta in ajiye. Gara in faɗi abin da na sani, ko na samu sararin zuciya.

Aikina na farko a lambun jan ruwa da jigo ne. Na shigo Bauchi cin rani daga ƙauyenmu, da mata da goyo, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Aka ce ofishin gona ya buɗe wani lambun gwaji a fadama bayan ganuwa, ana neman mai ƙarfi. Na je na tarar da wani ice da ban taɓa gani ba, ganyensa faffaɗa mai kaushi. A takarda malberi ake ce masa. Mu a lambu icen tsutsa muke kiransa, don ba mu ke ci ba, ba awaki ba, wata farar tsutsa ce da ake kawo ƙwayayenta daga ƙasar waje, ta ci ganyen ta saƙa alharini.

Shugaban lambun Baffa Buba ne, wani dogon Bafulatani siriri da ciwon bushiya ya share masa garke, ya shigo gari da sandarsa kawai. Ban taɓa ganinsa a zaune ba sai a tahiya. Ko tuwo a tsugune yake ci, idonsa na kan kunyoyi. Ranar da na fara, ya bar ni ina jan ruwa har hannuna ya yi bororo, sannan ya zo ya tsaya a kaina.

"Sale, kai ɗan manoma ne ko?"

Na ce, "Gaba da baya, Baffa."

Ya ce, "To ka ajiye noma a ƙofa. Mu nan makiyaya ne. Bambancin kawai, saniya ita ke bin ciyawa, wannan kuwa ciyawa ce ke bin ta har ɗaki."

Ɗakin da yake nufi wani soro ne mai sanyi a gefen lambu, an jera faya-fayai a kan katako, ƙafafun katakon a cikin kasaken ruwa saboda cinnaka. Mai kula da shi Mista Okon ne, malamin gona, mutumin Kudu, gajere mai fara'a, wanda Hausarsa ba ta san mace ba. A bakinsa tsutsa "ya ci", rijiya "ya ƙafe", matarsa ma "ya gaishe ku". Muna yi masa dariya yana taya mu. Amma aikinsa ba wasa, kuma duk wanda ya ga furen taba a haƙorinsa ba ya taka masa ɗaki, don ko warin taba kashe tsutsar yake yi.

Yankan iri shi ne abu na biyu da aka koya mini, bayan na yi damina guda ba a bar ni na taɓa wuƙa ba. Ba kowane reshe ake dasawa ba. Ɗanye shar ruɓewa yake yi, tsoho tukuf kuma ba ya farkawa. Sai wanda ya fara yin launin ƙasa, mai kaurin ɗan yatsa, a yanka shi tsawon taƙi, a tabbata yana da idanu kamar na rake. Wuƙar Baffa wata tsohuwar aska ce da ya sa maƙeri ya lanƙwasa mata baki, kuma ba ya sara sau biyu. In ka sara ka sake, ɓawon ya daddage, ruwa ya shiga, ka yi aikin banza. Gindin a yanka a karkace, kan a yanka a daidai, don kada a rikice wurin dasawa a sa kai a ƙasa. Wanda duk ya ce bai taɓa rikicewa ba, bai dasa da yawa ba.

Dashen kansa ba caka ba ne. Kunya ake tayarwa da garma, a cuɗa ta da takin shanu wanda ya shekara ya koma baƙar ƙasa. Ɗanyen taki gayyatar gara ne, ita kuwa gara ba ta ƙin gayyata. A barbaɗa toka, a kwantar da reshen a ɗan jingine, idanun ƙasa su nutse, na sama ya leƙo, a danne da diddige har iska ta rasa hanyar shiga. Daga nan sai jigo, safe da yamma, har ka ga toho. Ko ka gan shi kada ka yi murna tukuna, don reshe yakan yi toho da ɗan abin da ke cikinsa alhali bai yi saiwa ba. Sai ganye ya biyo ganye sannan za ka ce ya kama.

Da fari yadda muka san dashen mangwaro haka aka dasa lambun, nan ɗaya can ɗaya, aka bar su suka yi tsawo suka yi inuwa. Kyau a ido, amma ganyen kaɗan, ƙanana, kuma sai an hau. Rabin ƙarfin icen a 'ya'ya yake tafiya, tsuntsaye su sha daɗi. Mista Okon ya zo da sabuwar dabara: a tuge manyan, a dasa sabbi kusa da kusa, layi biyu manne da juna, sannan a bar hanyar da mutum zai bi da kwando, a sake layi biyu. Kada kuma a bar ko ɗaya ya wuce gwiwa, da ya miƙe a datse shi ya yi rassa ta gefe. Baffa ya yi kwanaki yana zagaya manyan itatuwan yana gunaguni da Fulatanci. Sai da aka gwada a wani ɗan yanki ya ga ganye kamar tafin hannu, kwando na cika kafin ka kai ƙarshen layi, sannan ya ɗauki gatari da kansa. A daminar da ta gabaci shekarar mulkin kai muka juye lambun kaf zuwa sabon dashe.

Ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar. Dashen kusa da kusa yana ba da ganye fiye da kowane, amma a shekararsa ta farko jariri ne. Saiwarsa ba ta yi nisa ba. Duk abin da zai ci ya tsallake rani, ganyensa ne ke tara masa a gindi. Shi ya sa in an datse shi dole a ƙyale shi ya huta, ya yi toho, tohon ya ƙosa, kafin hannu ya taɓa shi. Ko an zo tsinka, kan reshe haramun ne, don nan ne ransa.

Tsinkar ma da nata ladabi. Ba a tsinka da raɓa, ba a tsinka da rana tsaka. Jiƙaƙƙen ganye gudawa yake sa tsutsa, yanƙwananne kuma ba ta kallonsa. Mukan zuba a kwando mu rufe da buhu mai laima mu ruga ɗaki. Ƙanana a yanka musu laushin ganye siri-siri kamar za a yi miya, manya a zuba musu ƙosasshe yadda yake. Tana ci ta yi barci ta sake fata, ta tashi da yunwar da ta fi ta da. Bayan barcin ƙarshe kuwa sai dai a ce innalillahi. In ka tsaya a ƙofar ɗakin za ka ji sautin cinsu kamar yayyafi a kan kwano, kuma in sautin ya ragu, to ka makara.

Mai sayen kayanmu da na fi tunawa ita ce Inna Hassu ta unguwar Wunti, tsohuwar da ta ƙware a kaɗin zaren tsamiya, alharinin tsutsar daji, wanda masu ɗinkin riga ke layi a zaurenta. Ranar da aka fara kai mata gidajen da tsutsarmu ta saƙa, farare masu siffar gyaɗa, ta murza ɗaya a yatsa ta taɓe baki.

"Wannan ai 'yar gata ce. Tamu ta tsamiya a daji take kiwon kanta, ba wanda ya taɓa kai mata tuwo."

Baffa ya ce, "Inna, a dai dafa a gani."

Ta dafa, ta ja zare, ya yi ta zuwa bai tsinke ba. Ba ta yaba ba, don ba halinta ba ne. Amma daga ranar duk sanda ta ga ɗan lambu a kasuwa sai ta ce, "Yaya 'yan gatan naku, sun kusa?"

To, ga muguwar shekarar. Ko'ina a gari maganar mulkin kai ake yi, motocin 'yan siyasa na yawo da lasifika, teloli ba sa ɗaga kai daga keke. Mu dai muna kan tsarinmu. Tsutsar farkon damina ta ci ta saƙa, muka bi lambun da wuƙa muka datse shi kaf zuwa gwiwa, don ya huta ya yi sabon ganye kafin ƙwan ƙarshen damina ya iso. Ba mu gama kwashe rassan ba sai ga Mista Okon a kan kekensa, yana taka shi kamar an biyo shi, da ɗan akwati ɗaure a baya.

"Baba Buba, ƙwai ya zo. Motar Jos ya kawo yanzu-yanzu."

Baffa ya ce, "Wane ƙwai? Ai da saura."

"Manya ya ce ana so alharini a nuna ranar mulkin kai. Ya aiko da wuri. Kuma ya aiko ninki biyu."

Muka juya muka dubi lambun. Kututture ne layi-layi, ko koren da za a sa wa akuya a baki babu. Ƙwan tsutsa kuwa ba ya jiran kowa, zafin hanya ya riga ya tashe shi. Da aka buɗe akwatin, ga su nan baƙaƙe mitsi-mitsi suna motsi.

Kwanakin farko mun rufa wa kanmu asiri, don ƙaramar tsutsa ba ta da ciki. Akwai wani tsohon icen malberi a gidan wani Bature a unguwar Turawa, Mista Okon ya riƙa zuwa da keke yana roƙon kukun gidan. Akwai kuma 'yan rassan da Baffa ya taɓa rabawa mutane suka dasa a bakin magudanar gidajensu. Ni aka ɗora wa wannan. Na bi Wunti lungu-lungu ina sallama a zaure, in tsaya a waje, matan gida su tsinko su miƙo ta bayan zana. Wata ta leƙo da murya ta ce, "Wai da gaske tsutsa ake yi wa bara yanzu? Lallai mulkin kai ya zo." Na gwada wa tsutsotsin ganyen tsamiya, na gwada latas, na gwada zogale. Suka bi ta kai suka wuce. Ban taɓa yin tafiyar ƙasa irin ta lokacin ba, ƙafata ta tsage, barcina ya zama na zomo.

Da suka yi barcin ƙarshe, itatuwan gari sun ƙare tas. Lambunmu kuwa ya fara toho, ɗanye shar, gwanin sha'awa, irin wanda ko kallonsa da yawa ba a so a yi. Mista Okon ya kira mu ƙofar ɗaki da hantsi. Fara'ar nan tasa babu ita.

"Baba, na auna. In mun tsinka ganyen ƙasa kaɗan-kaɗan, mun bar kai, zai riƙe rabi. Rabi kawai. Sauran a ba kaji."

Baffa ya ce, "A ba wa?"

"Kaji, Baba. Ni zan faɗa wa manya. In za a yi faɗa a yi da ni, ba ruwanka."

Sai na sa baki, abin da ban saba ba. Na ce, "Baffa, gaskiya Malam ya faɗa. A gidanmu ko yunwa ta kai ina, ba a cin iri. Tsutsar nan wata guda ce ranta, icen nan kuwa na shekaru ne."

Baffa ya juyo gare ni. Ya kama hannuna ya ja ni cikin ɗakin. Babu sautin ci ko kaɗan. Faifai bayan faifai, duk sun ɗaga kawunansu sama suna kaɗawa hagu da dama, suna neman abin da babu.

"Ka gani? Haka shanuna suka yi mini. Saniya in ta gaji da kuka ɗaga kai take yi ta dube ka. Wancan karon cuta ce, ba ni da magani. Wannan karon ga ciyawa can a waje ina kallo. Kai za ka zaɓa mini wanda zan zuba wa kaji? Zaɓa, ga su nan."

Na kasa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duka a lokaci guda. Ya ɗauki kwando ya fita. Mista Okon yana da ikon hana shi, don a takarda shi ne babba. Ya bi shi har bakin kunya yana "Baba, Baba", sannan ya tsaya, ya cire hularsa ya share gumi. Mutumin da ya haife ka a shekaru, ga kuma manya can suna jiran alharini, ina zai sa kansa? Da ya ga Baffa ya kai tsakiyar layi, shi ma ya ɗauki kwando.

Muka bi lambun muka tsige shi. Ganyen ƙasa ya ƙare muka hau na sama, na sama ya ƙare muka cire kai. Icen ya yi ƙoƙari ya sake fito da wani ɗan toho, muka koma muka cire shi tun bai buɗe ba. Kwando a ka, gudu zuwa ɗaki, zuba, gudu zuwa kunya. Sallah ma a gurguje muke yi. Ina tsinka ina jin yadda reshen ke yin laushi a hannuna, na san abin da muke yi, kowa ma ya sani, ba dai mai faɗa.

Tsutsotsin suka ƙoshi, jikinsu ya yi haske, suka hau karan da muka jera musu suka fara saƙa. Ko faifai ɗaya ba mu rasa ba. Lambun bai taɓa fitar da alharini irin na shekarar ba. A makon bikin aka shimfiɗa shi a rumfar nunin amfanin gona, ƙarƙashin sabuwar tuta, mutane na turereniya suna taɓawa. Manya suka zo suka gaisa da Baffa hannu da hannu. Inna Hassu ta ratso taron da sandarta ta dube shi ta ce, "Buba, 'yan gatanka sun fita kunya." Ranar na ga haƙoransa duka. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na fara cewa a raina wataƙila tsoron banza na ji.

Ruwa ya ɗauke bayan bikin ba da jimawa ba. Muka koma jigo. Na ja ruwa a ranin nan har kafaɗata ta daina jin ciwo, Baffa na bin kunyoyi da taki da toka, yana durƙusawa gaban kowane kututture kamar mai gaishe da mara lafiya. Ice ba shi da ganyen da zai sha ruwan da shi, gindi kuma babu ajiya. Wasu suka yi ɗan toho ya bushe a kansu. Gara ta ji labari ta zo. In ka kankare ɓawo da farce, maimakon kore sai ka ga launin ƙasa. Kafin zafin bazara ya sauka, abin da ya rage da rai bai wuce ɗan layin da ke bakin rijiya ba, shi ma ganyensa ba zai cika hula ba. Ko irin da za a yanka a sake dashe babu, in ma an samu, sai an shekara kafin a tsinki ganye.

Mista Okon ya aika sama cewa kada a turo ƙwai bana. Ko saƙon bai isa ba, ko ya isa hannun wanda ya ga alharinin bara ya ce ƙauyawan nan kunya ce kawai ke damunsu, Allah masani. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba sai ga shi yana turo keken da hannu, bai hau ba. Akwatin da ke baya ya fi na bara girma.

"Baba, na ce direba ya mayar. Ya ce ya riga ya fashe."

Baffa ya karɓa ya buɗe. Ga su nan, baƙaƙe, sun cika takardar, kowace ta ɗaga ɗan kanta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa mini akwatin ya nufi bakin rijiya, ya tsinko ganyen ƙasa na layin nan, ya bar kan. Ya tsuguna ya yanka shi siri-siri da askarsa, ya barbaɗa musu a hankali har ko'ina ya samu.

Mista Okon ya ce, "Baba, wannan ba zai kai gobe ba."

Baffa ya ce, "Na sani. Baƙi ne, daga nesa suka zo. Su ci tukuna."

Muka tsaya mu uku har suka cinye. Ya rufe akwatin, ya sa shi a hammata, ya zagaya bayan soro inda kajin mai gadi suke kiwo. Na yunƙura zan bi shi in karɓa masa, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba. Muna nan tsaye muka ji yana kiran kajin.